Ina Ruwan Manomin Dutsen Abba Da Teku?

A Ikko, can bakin teku, dab da hanyar nan da aka sa wa sunan Sardauna Ahmadu Bello, akwai wata ma'aikata ta Gwamnatin Tarayya wadda ba ta da wani aiki sai binciken teku. A 1975 aka kafa ta, NIOMR a ke ce da ita a taƙaice. Ma'aikatanta su kan auna zurfin ruwa da zafinsa da gishirinsa, su duba irin kifin da ke ciki da yawansa, su bi gaɓa su ga inda igiyar ruwa ta ke cin ƙasa, sa'an nan su zauna su rubuta wa Gwamnati shawara. A 2014 aka sayo musu jirgin ruwa don wannan aiki. A watan Agusta na 2023 kuwa aka ɗaukaka sha'anin, aka ware wa harkar teku ma'aikata guda da ministanta.

To, ga mutum a Dutsen Abba, ko Dambo, ko Wucicciri, yana gyaran garmarsa. In ka karanta masa wannan labari, ba shakka zai ce, "Ina ruwana da teku?" Bai kuwa yi laifi ba. Tsakanin Zariya da Ikko mil 600 da ɗoriya ne ta hanyar jirgin ƙasa, da yawanmu an haife mu har mun yi furfura ba mu ga ruwan da ya fi Galma ba in ta kawo. Gani zai yi kuɗin da a ke kashewa can, da taki aka sayo da su aka raba da ya fi. Amsar tambayarsa tana cikin tambayar, domin ruwan da zai yi shuka da shi bana daga can zai zo. Amma bari mu fara da abin da ya fi sauƙin gani.

ƘOFAR KASUWA

Bakin teku shi ne ƙofar kasuwarmu. Tun da jirgin ƙasa ya haɗa mu da Ikko a 1912, ta nan gyaɗa da auduga da ƙiraga suka riƙa fita, gishiri da akoko da kananzir suka riƙa shigowa. Yau riɗi da citta da zoborodo ke fita. Garin dutsen da a ke haɗa kamfa da shi daga Maroko ya ke zuwa cikin jirgin ruwa, yuriya kuwa a Onne da Eleme da Lekki a ke yin ta, duk a ƙasashen bakin teku. Har kifin ƙanƙaran da a ke soyawa a Tudun Wada ta nan ya biyo. Ƙofa irin wannan in ta sami matsala, buhun taki a Zariya shi ke fara faɗa.

Ga misalin abin da ya sa Gwamnati ta ke bukatar masu ba ta shawara kafin ta taɓa gaɓar teku. A da mashigar Ikko cike ta ke da rairayi, manyan jirage ba su iya shiga, sai su tsaya can waje a yi ta jigila da ƙanana. Tsakanin 1908 da 1912 Turawa suka jera katangu na duwatsu, suka miƙa su cikin teku, aka yashe mashigar, jirage suka sami hanya. Madalla. Amma ashe a wannan gaɓa igiyar ruwa daga yamma ta ke turo rairayi zuwa gabas. Da katanga ta tare, sai rairayin ya taru a yamma, gefen gabas da a ke kira Bar Beach ya rasa mai cika shi. Teku ya shiga cinsa, akwai lokacin da ya kan ci yadi 25 ko 30 a shekara. Daga 1958 aka yi ta zuba rairayi ruwa yana kwashewa, har igiya ta riƙa hawowa kan hanyar Ahmadu Bello. Sai daga 2008 aka kama cike wurin aka yi masa babbar katanga. Kowane manomi ya san irin wannan: ka datse ruwa a iyakar gonarka, kwazazzabo ya ɓullo a ta maƙwabcinka. Can ƙasar Ondo akwai wani gari, Ayetoro, da aka kafa a 1947, teku ya riga ya cinye babban sashe nasa, gidaje da makarantu.

Mu ma da hannunmu a ciki, ko da ya ke ba da gangan ba. Jan ruwan da ke fita daga gonakin Zariya, Kubanni da 'yan'uwanta su ke kai wa Galma, Galma ta kai Kogin Kaduna, shi kuma ya kai Kwara a ƙasar Nufe, daga nan sai Lakwaja, sai teku. Rairayin da koguna ke ɗauka shi ke cika gaɓa inda Kwara ta rarrabu. Da aka datse Kwara a Kainji a 1968, aka datse Kogin Kaduna a Shiroro a 1990, rairayi mai yawa ya koma kwantawa a gindin dam, masana kuwa suna lissafa wannan cikin abubuwan da ke sa gaɓar can ta zaizaye.

DAGA INA RUWAN SAMA YA KE?

Yanzu mu koma kan babbar magana. A shekara mai kyau ƙasar Zariya ta kan sami ruwa inci 40 da 'yan kai, daga Mayu zuwa farkon Oktoba. Kada ku raina inci. Inci guda a kan eka guda ya kai duro 500, watau damina guda ta kan zuba wa eka ɗaya duro 20,000 ko fiye. Wace rijiya ce za ta ba da wannan? Wane tafki? Ba inda ke da shi sai teku. Rana ta kan bugi Tekun Atlantika, tururi ya tashi ya bar gishiri a ƙasa, kamar yadda ruwa ke taruwa a murfin tukunya ba tare da kuka ko daddawa sun bi shi ba.

Saura abin da zai kawo tururin nan arewa. Da bazara ƙasa ta kan ɗau zafi fiye da teku, balle Sahara. Iska mai zafi sama ta ke yi, sai ta teku mai laima ta kwararo daga kudu maso yamma ta maye gurbinta. Kun san ranar da ta ke isowa ba sai an gaya muku ba. Leɓe ya daina tsagewa, gumi ya ƙi bushewa, shamuwa ta dawo kan kuka. Iskar hunturu ke nan ta ja da baya, ta teku ta ci ƙasa. Tana tafe tana zubar da ruwa a kurmi, kurmi yana mayar mata da wani, har ta kai mu.

Na san wani zai ce, "Malam, ai mu hadarinmu daga gabas ya ke tasowa, yaya za ka ce daga kudu?" Gaskiyarsa. Iskar hawa biyu ce. Ta ƙasa ita ke kawo laima daga teku, ta sama kuwa daga gabas ta ke busowa da ƙarfi. In hadari ya haɗu ya yi tsawo, sai ta saman ta tura shi yamma. Saboda haka hadarin daga gabas ya ke zuwa, amma abin da ya sha ya ƙoshi, ta kudu ya biyo.

Ga wani abin mamaki da ba wanda ya san shi sai da aka auna. A watan Afrilu ruwan tekun da ke kudu da mu, wanda a ke kira Tekun Gini, ɗumi gare shi, wajen digiri 28 ko 29. Daga Mayu sai iska ta motso ruwan ƙasa mai sanyi ya taso sama, kafin Agusta zafin ya sauko zuwa 24 ko ƙasa da haka. Sanyin teku da zafin ƙasa su ne zugazugin da ke hura damina: gwargwadon bambancinsu, gwargwadon nisan da iskar za ta kai. Wajen ƙarshen Yuni ruwan da ya ke ta zuba a bakin teku ya kan yi tsalle ya dawo sashenmu. Shi ya sa mutanen Ikko da Badun su kan sami ɗan rani a ƙarshen Yuli da Agusta, sa'ad da mu ke cikin marka, malamai suna lissafin Nasara da Ɗarfa da Jabha. Shekarar da Tekun Gini ya ƙi yin sanyi kuwa, ruwa ya kan yi nawar tahowa, ya tsaya kudu ya yi ta ɓarna, mu muna duban sama. Haka aka yi a 1984.

WA YA JAWO FARI?

Dattawa ba su manta ba. Shekarun 1950 zuwa 1960 da 'yan kai ruwa ya wadata, dalar gyaɗa ta tashi a Kano, mutane suka yi ta sassabe har inda kakanninsu ba su yi noma ba. Daga 1968 ruwa ya fara ja. A 1972 da 1973 aka yi farin da ba a ga irinsa ba tun yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Shanu suka mutu a kan hanya, mutanen arewa suka kwararo Kano da Zariya da ƙoƙo a hannu. A Nijar abin har ya taɓa gadon mulki, domin yadda aka rarraba abincin agaji yana cikin dalilan da soja suka bayar da suka kau da Diori Hamani a watan Afrilu na 1974. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga 1983 da 1984, waɗanda suka fi na farko ƙarancin ruwa. Tafkin Cadi ya janye, ya rasa kusan kashi 9 cikin 10 na faɗinsa, ya bar manyan hanyoyin ban ruwa da Gwamnati ta haƙa a Borno a kan busasshiyar ƙasa.

Da aka tashi neman mai laifi, kan wa aka faɗa? Kan talaka. A 1975 wani babban masani na Amurka, Jule Charney, ya kawo bayani cewa in dabbobi suka cinye ciyawa, aka sare itatuwa, ƙasa ta yi fari fat, sai ta riƙa mayar da hasken rana sama, hadari ya kāsa haɗuwa. Maganar ta shiga kunnen gwamnatoci da masu ba da agaji. A 1977 aka yi babban taro a Nairobi kan gusowar hamada, aka watse da cewa makiyayi da manomi su ne suka jawo wa kansu. Shawarwarin da suka biyo baya duk nan suka dosa: a rage shanu, a hana sara, a yi dashe. Dashe abu ne mai kyau, ba mai musu, itace yana tare iska yana riƙe ƙasa. Amma zargin ya yi nauyi, ya kuwa daɗe a bakin ma'aikata.

Abin da ya sauke shi, guga ne. Tun zamanin jiragen ruwa masu filafilai, matuƙa su kan jefa guga su ɗebo ruwan teku, su tsoma ma'aunin zafi, su rubuta a littafin jirgi da kwanan wata da inda su ke. An yi shekara fiye da 100 ana wannan, takardun suna jibge ba mai dubawa. A 1978 wani masani mai suna Peter Lamb ya jera su kusa da lissafin ruwan ƙasashenmu, ya ga shekarun fari suna tafiya tare da wani irin sauyi na zafin Atlantika. A 1986 wasu mutum uku na ofishin duba yanayi na Ingila, Folland da Palmer da Parker, suka faɗaɗa binciken ga tekunan duniya duka. Suka tarar in tekunan kudancin duniya suka fi na arewa ɗumi, damina ba ta hawowa arewa sosai, in kuwa na arewa suka fi, mu ne da ruwa. A 2003 wata masaniya 'yar Italiya mai aiki a Amurka, Alessandra Giannini, da abokan aikinta suka ba kwamfuta zafin teku kawai na shekarun 1930 zuwa 2000, ba su gaya mata kome game da shanu ko sassabe ba. Sai ga ta ta fito da shekarun wadata da shekarun fari kusan yadda suka auku.

Me ya sa tekun arewa ya yi sanyi a wancan lokaci? Masana da yawa suna ganin hayaƙin masana'antun Turai da Amurka yana da hannu, domin ya kan tare hasken rana, kuma da suka rage shi tekun ya koma ɗumi. Ku duba fa: Bafillatanin da aka ce ya rage shanunsa, ashe wani ɓangare na abin daga bututun hayaƙin da bai taɓa gani ba ya fito. Wannan bai wanke mai gatari sarai ba, sarar daji tana ƙara wa fari zafi. Amma tushen yana cikin ruwa. Gwamnatin da aka ba ta shawara bisa kuskure, maganin kuskure za ta saya, talaka kuwa shi zai sha.

YADDA A KE AUNAWA YANZU

An bar guga. Tun 1997 ƙasashe uku, Brazil da Faransa da Amurka, suka dasa wasu na'urori a tsakiyar Atlantika, waɗansu a Tekun Gini. Kamar gorar masunta su ke, sai dai manya, an ɗaure su da igiya har ƙasan teku, suna auna iska da zafin ruwa dare da rana suna aikawa ta tauraron ɗan'adam. Kifi yana son taruwa ƙarƙashinsu, saboda haka jiragen kamun kifi su kan lalata su, sai an bi an gyara. Akwai kuma waɗansu ƙanana wajen 4,000 da aka watsa a tekunan duniya, kowace ta kan nutse fiye da mil guda, bayan kwana 10 ta taso ta ba da labari ta koma. Abin da ya kamata mu lura, cikin ƙasashe ukun nan ba ta Afirka ko ɗaya, alhali mu ne cikinmu ya dogara ga abin da a ke aunawa. Nijeriya tana da gaɓar teku mil 530, tun 1978 kuma ta yi doka cewa arzikin teku har mil 200 daga gaɓa nata ne. Mai gona irin wannan bai kamata ya zauna jiran maƙwabci ya gaya masa abin da ke cikinta ba. In an tashi kason kuɗi, wakilanmu na Arewa su daina ganin binciken teku kamar kayan mutanen kudu.

Ba Atlantika kaɗai a ke duba ba. Can bayan duniya, a Tekun Fasifik, ruwa ya kan yi ɗumi bayan 'yan shekaru, masuntan Peru suka sa wa abin suna Elninyo. Ya zo a 1972, ya zo a 1982 zuwa 1983, galibi kuwa in ya zo ruwanmu ya kan ragu. In Fasifik ya yi sanyi sai a juya: a 1988 ruwa ya yi yawa har dam ɗin Bagauda ya fashe a watan Agusta, a 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya. Ɗumin Bahar Rum ya kan ƙara mana ruwa, na Tekun Indiya ya kan rage.

Duk wannan a ke tarawa a fitar da kintacen damina. Bayan farin 1973 aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, tun 1998 kuma masanan Afirka ta Yamma su kan taru kowace shekara kafin damina su daidaita bakinsu. A gida, Hukumar NiMet, wadda aka yi dokarta a 2003, ita ke fitar da nata a farkon shekara, wajen Janairu ko Fabrairu. Ciki a kan faɗi, gari gari, lokacin da a ke zaton ruwa zai zauna, da lokacin ɗaukewarsa, da yawansa, da inda a ke tsoron tsaikon ruwa a tsakiyar damina. Wata hukumar, NIHSA, ta kan biyo da nata kan ambaliya.

Kada wani ya ɗauka duba ne ko da'awar sanin gaibu. Ruwa na Allah ne, Shi ke saukar da shi inda Ya so. Wanda ya ga gabas ta yi baƙi ya ce wa yara su kwashe shanya, ba mai ce masa boka. Waɗannan ma alama su ke dubawa, sai dai tasu tana nesa.

IYAKARSA DA AMFANINSA

Kintace ne, ya kan faɗa daidai, ya kan kuskure. A 1997 Elninyo ya zo da ƙarfin gaske, aka tsorata, amma farin bai kai ko kusa da na 1984 ba. A 2024 ruwa ya zarce arewa ƙwarai, manoman Neja da Kwara da Taraba suka ga masararsu tana yaushi a watan Agusta har aka fita roƙon ruwa, a watan Satumba kuwa dam ɗin Alau ya ɓalle ya cinye Maiduguri. Shekara guda, ƙasa guda. Balle a ce ranar kaza ruwa zai sauka a gonar wane. Kun sha ganin hadari ya jiƙa Dutsen Abba sharkaf ya tsallake Tudun Wada ko ɗigo. Abin da kintacen ke iya faɗa shi ne inda damina ta fi karkata, ko wuri ko latti, ko yawa ko ƙaranci. Wannan kuwa ya isa mai hankali ya gyara shiri.

Na farko, iri. Gonar gwaji ta Samaru, wadda aka kafa a 1922, ta zama cibiyar binciken noma ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, tana nan a ƙofar gidanmu. Ta fitar da masara mai nuna cikin kwana 80 zuwa 90, da mai kwana 110 zuwa 120 wadda ta fi ba da buhu in ruwa ya kai ta. Akwai gyaɗa mai saurin nuna irin SAMNUT 24. In an ce damina za ta makara ko ta ɗauke da wuri, a raba gona, a ba mai sauri kaso babba, a ƙara dawa da wake. In an ce za ta yi tsawo, mai kwana da yawa ta sami fili. Mai zuba iri ɗaya a gona duka, ko wace irin shekara ce, caca ya ke yi da abincin iyalinsa.

Na biyu, ruwan fari. Nan ne asara ta fi yawa. A yi ruwa guda mai ƙarfi a ƙarshen Afrilu, kowa ya fita da sungumi, sa'an nan sama ta yi tsit mako biyu ko uku, tsiro ya ƙone, a sake sayen iri da tsada. Masanan noma ba su lissafa damina ta zauna sai an sami wajen milimita 20 cikin kwana uku, watau inci guda ba kaɗan, ba tare da an biyo da tsaiko mai wuce mako guda ba. Auna wannan ba wuya. A sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, a kafa shi a fili nesa da itace da indararo, kowace safiya a tsoma rula a rubuta a zubar. Malamin makaranta ko akawun dagaci zai iya riƙe littafin. Taki kuwa, da tsadarsa, kada a zuba shi sai ƙasa ta jiƙu sosai tsiro ya kama.

Akwai kuma wani sauyi da ya kamata a sani. Ruwa ya dawo tun daga wajen 1990, amma ba yadda ya tafi ba. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka uku a ƙasashen Sahel tun daga 1982. Lissafin shekara zai cika, amma rabinsa ya gudu Galma da taki da ƙasar sama. Saboda haka kunya ta gicciye gangare. Shekarar da a ke tsoron ƙaranci a ɗaure kwarin kunya tsakani tsakani don ruwa ya tsaya ya nutse, shekarar yawa kuwa a buɗe masa hanya, mai shinkafa a fadama ya ja da baya daga bakin rafi.

Saura abin da ya fi damuna. Labarin nan wa ya ke fara jinsa? Babban ɗan kasuwa mai waya a hannu da ɗa a jami'a, tun Fabrairu ya karanta. In ya ga alamar ƙaranci, sai ya aika yaransa Giwa da Saminaka su yi ta auna masara, ya cika sito ya rufe. Manomin da ya sayar masa don biki ko don kuɗin makaranta, shi zai dawo a watan Agusta ya sayi tiya ninki biyu. Ɗan kasuwa bai yi sata ba, kunnensa ne ya riga. Amma da kuɗin jama'a aka yi binciken, bai kamata ya tsaya a ɗakin taro a Abuja da Turanci ba. An fara fassara taƙaitawarsa da Hausa, rediyo ma ta kan taɓa, amma sau ɗaya ba ya isa, malaman gona kuwa sun yi kaɗan, ba su kai ga kowane ƙauye. Hakimi da dagatai da masu unguwa suna nan, limamai suna nan, ranar kasuwa tana nan. A rubuto abin da ya shafi Zariya kaɗai a takarda guda, da boko da ajami, a karanta bayan Juma'a, a manna a rumfar mai sayar da iri.

Kuma a karanta sau biyu. Teku ya kan sauya hali tsakanin Maris da Mayu, saboda haka kintacen Fabrairu bai kai na baya ƙarfi ba. Na Fabrairu a ji shi don a san irin da za a nema da yawan hatsin da za a bari a rumbu. Masanan Afirka ta Yamma wajen ƙarshen Afrilu su ke yin nasu taron, NiMet kuma ta kan ba da na kwana uku uku duk tsawon damina. Kafin a ɗauki sungumi, a tambayi malamin gona ko wani mai waya me na bayan nan ya ce, sa'an nan a leƙa gwangwani.